'Yan uba a fili ɗaya: Capcom, SNK da maƙwabcina mai jar hula



Ranar Asabar da ta wuce na sa hoton wani allon talabijin, Ryu a tsaye gefe guda, wani Ba'amurke mai jar hula a ɗaya gefen, na rubuta a ƙasa cewa yau an gama da ni. Kafin gari ya waye mutum uku sun biyo ni ta saƙo da tambaya iri ɗaya: Malam, kai da babi na huɗu ke jira, gem kake bugawa? Ɗaya har da nasiha, wai girma ya kama ni. Na ji, kuma na gode. Na yi musu alkawarin bayani, to ga shi. Rubutun da ɗan tsawo, wanda datarsa ta kusa ƙarewa ya bari sai dare.

A Sakkwato na tashi, kodayake asalinmu Gobir ne, wajen Sabon Birni. A unguwarmu akwai wani shago mai baƙin labule, talabijin uku, PS2 uku, benci biyu, da wata fanka da ni dai ban taɓa ganin ta juya ba. Naira ashirin ake biya, wanda aka ci ya ba da hannu. Yawancin yara ƙwallo suke bugawa, wasu kuma Mortal Kombat saboda jini. Ni Street Fighter ce ta kama ni, kuma Yaya ne ya jawo. Shi ya riƙe babban yatsana ya nuna min yadda ake murza shi daga ƙasa zuwa gaba sannan a danna naushi, Ryu ya harbo shuɗiyar wutar nan daga tafin hannuwansa. Ranar da ta fara fita da kaina na yi ihun da sai da mai shago ya kore ni waje. Kafin a fara wasa wata kalma takan fito da rawaya da shuɗi: CAPCOM. Na daɗe ina zaton Turancin "ku shirya" ce. Ban san sunan kamfani ba ne, ban san akwai wani gari wai shi Osaka a Japan ba, balle in san akwai magidanta da ke sammako zuwa ofis kullum don su zana Ryu.

Daga nan makarantar kwana ta zo, jami'a ta zo, bautar ƙasa ta zo, gem ya fita daga kaina.

Da na zo Ibadan yin digiri na biyu, wata huɗun farko wuri huɗu na sani: aji, laburare, masallaci, ɗaki. Ranar Juma'a in hau mota zuwa Sabo, in ci tuwo da miyar kuka, Hausa ta cika min kunne, in dawo. Ku da ke karatu a Kudu kun san irin wannan zaman. Ba wanda ya kore ka, ba kuma wanda ya jawo ka. Gidan da na kama haya ɗaki takwas ne suna kallon juna, ni kaɗai ne ɗan Arewa. Ɗakin da ke manne da nawa na wani Bayarabe ne ɗan Ogbomoso, yana mastas a fannin injiniya, kullum da jar hular hana sallah a kansa. Bai san ina rubutun nan ba, don haka mu kira shi Mai Jar Hula. Tun ranar farko "Aboki" yake ce min. Kun san yadda kalmar nan take sauka a kunne a nan. Tamu ce, amma idan ta fito daga wani bakin sai ka ji kamar an yi maka jifa da kayanka. Ban ce masa komai ba, na dai ƙulle shi a ciki. Sai kuma rigimar janareto ta zo. Ya ajiye nasa daidai tagata, hayaƙi na shigo min, na yi magana da zafi, ya mayar da zafi. Sati uku ko gaisuwa babu. A cikin kwanakin nan ne na buga wa Yaya waya na ce ina tunanin jingine karatun in dawo gida. Ya yi shiru, can ya ce, "Karatun da aka sai da raguna biyu aka biya maka? To, ka dai sake tunani."

Wani dare an ɗauke wuta tun la'asar, cajin wayata saura kashi uku, ina kwance ina fifita da takardar lakca. Sai na ji ta cikin bango, ƙarƙashin ƙarar janareton nan da na tsana, an ce "Hadoken!" Wallahi sai da na tashi zaune. Shekara fiye da goma rabona da muryar nan. Na ɗauki caja don in sami hujja, na je na ƙwanƙwasa. Ya buɗe, ya kalle ni, ya kalli cajar, ya nuna min soket da haɓa. Na tsuguna ina sa caji, idona na kan talabijin. Ryu ne, ba tantama. Amma wanda yake karawa da shi ban taɓa ganinsa ba: jar hula, jar riga marar hannu, dogon gashi ɗaure ta baya, yana naushin ƙasa wuta na tashi. Na ce, "Wannan ai ba ɗan Street Fighter ba ne." Ya juyo, ya ce, "Ka san Street Fighter?" Bai jira amsa ba ya miƙo min hannu na biyu. Ya ci ni sau tara a jere. A na goma na ci shi, na saki irin ihun shagon Sakkwato, mai gida ya zo ya buga mana ƙofa.

Sunan wasan Capcom vs. SNK 2, na shekarar 2001, a kan tsohuwar PS2 ta yayansa. Mai jar hular cikin talabijin kuwa Terry Bogard ne, gwarzon wani kamfani daban mai suna SNK, kuma saboda shi maƙwabcina yake sa tasa hular. Shi a shagon gem na garinsu The King of Fighters ya taso yana bugawa, na SNK. Ni ban san da su ba, shi kuma bai ɗauki Ryu a bakin komai ba. Faifai ɗaya ne ya tara gwarazan yarintarsa da na tawa.

Tarihin da zan ba ku a bakinsa na fara jin gutsurensa, sauran na bi na karanta da kaina, da datar da ya kamata in sauke takardun bincike da ita.

Capcom kamfani ne na Osaka, Kenzo Tsujimoto ne ya kafa shi, kuma tun 1983 yake amsa wannan suna. A 1987 ya fitar da Street Fighter ta farko, wadda Takashi Nishiyama da Hiroshi Matsumoto suka jagoranci ƙirƙirarta. Su ne iyayen Ryu da Ken. Ba a daɗe ba mutanen nan biyu suka tattara suka koma SNK, wanda shi ma a yankin Osaka yake. A 1991 Capcom ya fitar da Street Fighter II da hannun wasu ma'aikatan, wasan da ya cika duniya. A shekarar nan dai SNK ya fitar da Fatal Fury, aikin Nishiyama, inda aka haifi Terry. Kun ga ke nan Ryu da Terry uba ɗaya ne, ɗaki ne kowa da nasa. Duk wanda ya tashi a gidan yawa ba sai an yi masa bayanin abin da ke biyo baya ba.

'Yan ubancin kuwa an yi shi. A 1992 SNK ya fitar da Art of Fighting, jarumin ciki sunansa Ryo, da kayan karate, yana harba wuta daga hannu. Ryu da Ryo, harafi ɗaya ya raba su. Mutanen Capcom suka mayar da martani da gugar zana. A Street Fighter Alpha ta 1995 suka sako wani mai suna Dan Hibiki: kaya irin na Ryo amma ruwan hoda, gashi ɗaure ta baya irin na Robert abokin Ryo, ga cika baki, ga tsokana, amma idan ya harba wutarsa ko taku biyu ba ta yi take mutuwa. Wato dai ga yadda muke ganin kwaikwayonku. Abin dariyar shi ne Dan ɗin nan da aka yi don habaici ya samu masoyansa, ya zauna daram a gidan Capcom, har yau akwai masu ɗaukarsa don kawai su ci mutum da shi su ƙara masa haushi.

Daren da ya ba ni labarin Dan ne na samu bakin yi masa maganar "Aboki". Na ce masa akwai tsokanar da ake yi wa wanda aka sani, akwai kuma sunan da ake liƙa wa mutum don kada a wahalar da kai wajen sanin nasa. Ya yi shiru, ya ce shi wallahi ya ɗauka girmamawa ce, haka ya taso ya ji ana faɗa. Sai na ba shi labarin da bai taɓa ji ba, cewa a wajenmu Gobirawa da Yarbawa abokan wasa ne, kamar Fulani da Barebari, kamar Kanawa da Zage-zagi, kowa na cewa shi ne ubangidan ɗan uwansa, kuma ba a fushi. Ya yi dariya har da buga cinya, ya ce ashe da lasisi zai riƙa zagina. Daga ranar ya koma kirana da sunana, in kuma ya ci ni ya ce "yarona, kawo ruwa." Janareton ma ya matsar da shi bayan gida, na fara ba da kuɗin lita ɗaya duk sati.

To, mu koma Osaka. Bayan shekaru ana wannan kallon hadarin kaji, sai kamfanonin biyu suka zauna suka yi yarjejeniya: kowa zai yi wasa da gwarazan ɗan uwansa. SNK ya fara a 1999 a kan ƙaramar na'urarsa ta hannu, Neo Geo Pocket Color. Capcom ya biyo da Capcom vs. SNK a 2000, sannan na biyun a 2001. Abin da ya fi burge ni shi ne yadda suka warware matsalar "dokar wa za a bi", don kowane gida da tsarinsa. Wasannin Capcom maɓalli shida ne, naushi uku, shuri uku. Na SNK huɗu ne. A wasan farko Capcom ya sauko ya bi huɗu irin na baƙinsa, a na biyu aka koma shida. Sannan kafin ka zaɓi ɗan wasa sai ka zaɓi salon faɗa. A na biyun salo shida ne, uku daga gidan Capcom, C da A da P, uku daga gidan SNK, S da N da K. Salon P, misali, shi ne na Street Fighter III, inda kake tura gaba daidai lokacin da duka zai sauka ka kaɗe shi. Salon K kuma na SNK ne, inda duk dukan da ka sha yake tara maka fushi, in ya cika ka yi ja, dukanka ya ƙara nauyi. Kuma ba a ce ɗan Capcom sai salon Capcom ba. Kana iya ɗaukar Ryu ka yi faɗa da dokar SNK, ya kasance Ryu ɗinsa, wutarsa ba ta canja ba.

Har hotunan fuska sai da aka yi musu haka. Kowane ɗan wasa an zana shi sau biyu. In ka ɗauki salon Capcom sai ka ga zanen Kinu Nishimura ta Capcom, in ka ɗauki na SNK ka ga zanen Shinkiro, mai zanen SNK wanda daga baya shi ma ya koma Capcom. Ranar da na fara ganin Ryu da alƙalamin mutumin SNK na daɗe ina kallo. Shi ne, amma kamar hotonka da wani baƙo ya ɗauka, ka ga wani gefen fuskarka da ba ka saba gani a madubi ba.

Kada dai a ɗauka soyayya ce zalla ta haɗa su. Banza ba ta kai zomo kasuwa. A ƙarshen shekarun 1990 kasuwar gidajen gem na tsabar kuɗi ta fara ja da baya, wasannin faɗa masu zanen hannu suna rasa masu saye, ga irin su Tekken sun zo da sabon fasali. Haɗa masoyan gida biyu a kan faifai ɗaya lissafi ne. SNK ma bai tsira ba, a watan Oktoba na 2001, 'yan watanni bayan fitowar wasan da muke bugawa, kamfanin ya durƙushe saboda bashi, sai daga baya aka farfaɗo da shi. Yanzu haka mafi yawan hannun jarinsa na wata gidauniyar Saudiyya ne.

Haɗakar da ta fi yi wa Capcom suna a duniya ma ba da SNK ba ce, da Marvel ce ta Amurka, masu Spider-Man da X-Men. Ta faro ne da wasa: a 1994 Capcom ya yi wa Marvel wasan X-Men: Children of the Atom, sai ya ɓoye Akuma na Street Fighter a ciki. A 1996 aka fito fili da X-Men vs. Street Fighter, kowa ya ɗauki mutum biyu yana musanya su ana tsakiyar faɗa. A 2000 aka yi Marvel vs. Capcom 2, 'yan wasa 56, uku da uku, hargitsi iya hargitsi. Lokacin da aka fara wannan tafiya Marvel ba shi da ƙarfin yau, a Disambar 1996 ma sai da ya je kotu neman kariya daga masu binsa bashi. Amma a 2009 Disney ya saye shi a kan kusan dala biliyan 4, kuma wanda ya ba ka aron riga yana talaka, in ya yi arziki sharuɗɗan aron sukan canja. A Disambar 2013 aka janye Marvel vs. Capcom 2 daga shagunan intanet. Wasan da mutane suka shekara goma sha uku suna ƙwarewa a kai, rana ɗaya ya zama ba a sayarwa, sai a 2024 aka dawo da shi cikin wani kundi na tsofaffin wasannin. Sauran haɗakar da yawa, ba zan tsaya kansu ba: da Tatsunoko a 2008, da masu Tekken a 2012, Ryu ya je baƙunta Super Smash Bros. na Nintendo a 2015, Akuma ya shiga Tekken 7, har Geralt na wani kamfanin Poland ya leƙo Monster Hunter: World a 2019.

Cikin wannan dogon tarihi kuskure biyu ne suka tsaya min a rai, don duka biyun na tafka su da kaina.

Na farko yana cikin faifan da muke bugawa. Capcom ya zauna ya sake zana duk 'yan SNK daga tushe don su dace da sabon fili. Ryu da Ken ma an sake su. Amma akwai wata Morrigan, 'yar wasan Darkstalkers, da aka kwaso zanenta na 1994 aka manna yadda yake. Ko wanda bai san gem ba, in ya kalli allon zai ga ita daban take, kamar an yanko ta daga tsohuwar jarida an liƙa a sabon hoto. Tana cikin wasan, amma ba ta shigo ba. Ni ne wannan a wata huɗun farko. Jikina na Ibadan, komai nawa na Sakkwato, ko "ẹ kàárọ̀" na ƙi koya, ina jiran garin ya zo ya same ni.

Na biyu ya faru a 2017, da aka fitar da Marvel vs. Capcom: Infinite babu ɗan X-Men ko ɗaya. Babu Wolverine, babu Magneto, babu Storm, alhali da su aka kafa gidan. A lokacin haƙƙin fim ɗin X-Men yana hannun kamfanin Fox, kuma mutane da yawa da hakan suka danganta abin. Da aka tambayi wani daga cikin masu shirya wasan, sai ya ba da amsar da ta zama abin zolaya har yau. Ma'anar maganarsa ita ce 'yan wasan nan ai aiki ne kawai suke yi, in kana son Magneto don yadda yake shawagi a sama ne, to ga wani can yana yin irin shawagin. Masoya suka ce ba su yarda ba. Ba shawagi suka zo nema ba, Magneto suke so, da jar kwalkwalinsa da girman kansa. Wasan bai samu karɓuwar na baya ba.

Ga yadda nawa ya kasance. Da na saba da Mai Jar Hula, ɗakinsa ya zama majalisa duk daren Asabar, mutum biyar, shida, wani lokacin takwas. Na ji daɗin shiga mutane har na zarce. An ce in ka je gari ka tarar kowa da wutsiya kai ma ka nemi taka ka ɗaura, to ni har da ƙari na yi. Hulata ta koma ƙasan akwati. In Inna ta kira ina cikinsu sai in fita waje, don kada a ji ina Hausa. Taron ɗaliban Arewa na daina zuwa, wasunku sun yi ta cigiyata, ku yafe ni. Duk abin da aka faɗa a majalisar nan dariya nake yi.

Wata Asabar, da rana aka kira ni daga gida cewa an kai hari wani ƙauye kusa da garinmu, ƙanwar mahaifiyata da 'ya'yanta huɗu sun kwana a daji, suna hanyar Sakkwato. Ban gaya wa kowa ba sai Mai Jar Hula, shi ma don ya ga idona ne ya matsa. Da dare na shiga majalisa don in rage tunani. Ina ɗauke da Ryu, na kama wani yaro ɗan ajinsu a lungu ina ta jibga, sai yaron ya ce, cikin raha, a yi hankali da ni, mutanenmu ai sun saba, ƙila ma ina da bindiga a ƙarƙashin katifa. Aka kwashe da dariya. 'Yan uwa, ni ma na yi dariyar. Wannan ne abin da har yau in na tuna nake jin kunya. Inna ƙarama tana tafe a ƙasa da goyo, ni ina nan ina taya wani dariyar abin da ya koro ta.

Mai Jar Hula bai yi dariya ba. Ya miƙa hannu ya tsayar da wasan, ya karɓe hannun gem daga wajen yaron, ya yi masa magana da Yarbanci. Ban ji duka ba, amma na ji sautin, kuma na ga yadda ɗakin ya yi tsit. Yaron ya ba ni haƙuri, kuma na yarda har zuciyarsa ne, bai san komai ba. Da kowa ya watse na tsaya taya shi naɗe wayoyi. Bai kalle ni ba ya ce, "Me ya sa ka yi dariya?" Na ce ba na son ɓata wa mutane dare. Ya ce, "Mutumin da ya zo ya yi min masifa a kan janareto, shi na miƙa wa hannu. In mai bin kowa da to nake nema, ai sai in buga da kwamfuta."

Ban yi barci ba a daren. Da asuba na buɗe akwati na ciro hulata.

Ban koma zaman wata huɗun farko ba. Ina gaida mai gida da Yarbanci yanzu, har tana gyara min sauti. Na iya cin amala da ewedu ba tare da na ɓata fuska ba. Amma in Inna ta kira, a cikin majalisa nake amsawa, kuma yaron nan da ya yi maganar bindiga shi ne yanzu yake tambayata ya mutanen gida, ya kuma san sunan Sabon Birni. In lokacin sallah ya yi ana tsakiyar wasa, tsayar da shi ake yi a jira ni, ba tare da na roƙa ba. Dokar ɗakin tasu ce, maɓalli shida ko huɗu duk na bi, amma wanda ke riƙe da hannun ni ne.

Su ma 'yan uban na Osaka ba su daina ziyartar juna ba. A Satumbar 2024 Terry ya shigo Street Fighter 6 a matsayin baƙo, Mai Shiranui ta biyo shi a farkon 2025. SNK kuma ya fitar da Fatal Fury: City of the Wolves a Afrilun 2025, ya gayyaci Ken da Chun-Li, har da Cristiano Ronaldo a ciki, wanda ni dai har yanzu ban gane me ya kai shi ba. Capcom vs. SNK 2 ɗin ma an sake fitar da shi a 2025 don sababbin na'urori. Hoton da kuka gani ranar Asabar daga wani gidan gem ne da muka je muka biya kuɗin awa ɗaya a kan PS5, don mu ga Ryu da Terry a sabon zane. Mun je ne saboda Mai Jar Hula ya kare kundinsa a satin, ya samu aiki a Legas, ƙarshen watan nan zai tashi. Ya ci ni bakwai da uku. A bayan littafin da muke rubuta sakamako tun daren farko, yana gabana da wasa 64, kuma ya ce zai sa a yi wa shafin firem.

PS2 ɗin ya ce in riƙe har in kare nawa kundin, da sharaɗi biyu: kada in buɗe ta sai na rubuta shafi uku a ranar, kuma ranar da zan kai masa ita Legas in taho da kilishi. Ya ce wai haraji ne yaro yake kai wa ubangidansa. Na ce Bagobiri bai taɓa kai wa Bayarabe haraji ba, sadaka dai zan kawo.

Masu tambayar babi na huɗu, na miƙa shi ranar Litinin, ku taya ni da addu'a kada ya dawo da jan biro da yawa. Wanda kuma yake Ibadan, musamman sababbin zuwa da har yanzu ba su san ko'ina ba sai aji da Sabo, majalisa ta dawo ɗakina daga Asabar mai zuwa, bayan isha'i. Yarbawan duk za su zo, da wani Inyamuri ɗaya mai ɗaukar Dan don wulaƙanci. A taho da kuɗin mai. Wanda aka ci ya ba da hannu.